Daga Sha Ɗaya Zuwa Ƙarfe Ɗaya

Litinin, 4 ga Satumba, 2000

Saliha ta faɗi yau da safe tana tankaɗe. Bakwai saura kwata. Ƙarar kwano na ji, na fito na iske ta kwance gefen turmi, baki ya karkace, hannun dama kamar ba nata ba. Mun iso asibiti bakwai da ashirin da biyar. Likita ya gan ta tara da minti goma. Hawan jini, ɓarin jiki ya shanye. Ya rubuta a kati cewa a kwantar da ita a ɗakin mata. Na karanta da idona, har ya yi mamaki na iya gane rubutunsa. Bai san shekara talatin da ɗaya na yi ina akawun tashar jirgin ƙasa a nan Kaura ba, ina karanta abin da ya fi nasa muni.

Babu gado a ɗakin mata. Saboda haka muna sashen gaggawa, imajensi in ji su. Ɗaki ɗaya, gado shida, mutane sun fi ashirin, yawanci yara masu zazzaɓin damina. An ba ta wani siririn gado mai taya a bakin ƙofa, inda kowa ke gogar ta in zai wuce. Sun ce gobe.

Na zo da agogona da wannan littafi, ragowar rajistar tasha. Zan rubuta lokacin kowane abu. Wata rana wani zai tambaya.

Talata, 5 ga Satumba

Ba gado.

Akwai wani dattijo mai suna Yari, shi ke tura marasa lafiya daga nan zuwa ɗakunan kwanciya. Goro ya gama da haƙoransa. Shi ya fahimtar da ni yadda abin yake, tunda masu farin kaya ba su da lokacin tsoho. Ba a san akwai gado ba sai likita ya gama zagaye ya sallami waɗanda zai sallama, wajen sha ɗaya ke nan. Daga ƙarfe ɗaya kuma Sistar ɗakin mata ba ta karɓar kowa, tana haɗa rahoton da za ta miƙa wa masu aikin yamma, ga sallar azahar. Asabar da Lahadi ba zagaye, ba sallama. Ashe duk faɗin yini awa biyu ne ƙofar take buɗe.

Na ce masa a tasharmu in jirgi ya makara minti biyar sai na rubuta dalili na sa hannu. Ya yi dariya ya ce, "Akawu, to ina jirgin yanzu?"

Ciyawa ta rufe dogo, awaki ke kwana a dandamali.

Likitan nan sababbin zuwa kawai yake dubawa. Wanda aka riga aka rubuta wa ɗaki ya fita daga hannunsa, bai kuma shiga hannun kowa ba. Haka muke, kamar taragon jirgi da aka kwance aka bari a layin gefe.

Laraba, 6 ga Satumba

Sha ɗaya da minti ashirin Yari ya shigo yana washe baki, an sallami wata, akwai gado. Na naɗe tabarma, na haɗa kwanuka da buta. Sista Mubaraka ta ɗakin mata ta biyo shi da kati a hannu. Yarinya ce, da ƙyar ta kai talatin. Ta dubi Saliha, ta dube ni, ta tambayi ina mai zaman jinya. Na ce ga ni.

Ta ce mace take nufi. Tun da aka shigo da sabon tsari namiji ba ya zama a ɗakin mata, sai ziyara daga huɗu zuwa shida. Mai shanyewar jiki kuma ba a karɓar ta sai da macen da za ta kwana da ita, ta juya ta, ta wanke ta, don ma'aikaciya ɗaya ce ke kwana kan gado ashirin da huɗu.

Na ce matata ce, shekara arba'in da ɗaya, wace shari'a ce ta hana ni ganin jikin matata? Ta ce ba jikin matata ake tsarewa ba, na matan mutane ne. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ya fi ciwo. Na juya harshe zuwa Turanci don ta san da wa take magana. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce da Hausa, "Baba, ka kawo mace kahin ƙarfe ɗaya."

Sha biyu da rabi aka tura wata mata daga Banga. Ita da 'ya'yanta mata uku ta zo.

Na rubuta takardar koke, shafi biyu, zuwa ga shugaban asibiti. Rubutu mai kyau, ba gogewa ko ɗaya. Tana cikin aljihuna.

Alhamis, 7 ga Satumba

Na je gida bayan asuba na yi sallama da Kulu, maƙwabciyarmu mai fura. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun yi aure, ba abin da ya ɗaure ta. Na roƙe ta. Ni, na roƙi Kulu, wadda bara na kai ƙara wajen mai unguwa saboda kwatarta.

Ba ta tada zancen kwata ba. Ta ce kunu za ta riƙa aikowa, wanki ma a kawo mata. Amma zaman jinya, a'a. Daga bayan zana ta ce, "Malam Zakariyya, kuna da ɗiya a Shinkafi, da ranta da lahiyarta. In na zauna a wurinta, mi duniya za ta ce da ita? Ba ni cire mata zane a kasuwa."

'Yan'uwan Saliha mata duk sun rasu. Na garinsu Jangeru da suka rage jikoki ne, ba su san mu ba, ni ne kuma ban bari sun san mu ba.

Ɗiya a Shinkafi. Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa. Balaraba. Ita ce ta fari, ita kaɗai ta rayu cikin biyar. Na kai ta makarantar koyon aikin jinya a Sakkwato lokacin da mutanen unguwa ke cewa na lalace. Shekara biyu ta yi, saura ɗaya, ta ce ta gaji, aure take so. Wa? Atiku, direban babbar mota, ɗan Shinkafi. Ko firamare bai gama ba. Irin motocin da suka kwashe gyaɗa da auduga daga hannun jirgi har tasharmu ta mutu. Ban hana ba, ƙanena ya ɗaura. Na dai ce kada a sake ambaton sunanta a gidana. Shekara tara ke nan.

Hanin bai yi wa Saliha wuya ba, a ganina. Dama ba ta taɓa faɗin sunan ba, kunyar 'yar fari. Tun tana goye "yarinyar nan" take cewa, ko "waccan". Ina yi mata dariya a da, ina cewa al'adar jahilai ce. Daga baya sai muka zama mu biyu ba mai faɗi.

Juma'a, 8 ga Satumba

Ba gado, kuma ko da akwai.

Asabar, 9 ga Satumba

Bayanta ya fara salewa. Wurin ya kai faɗin tafin hannu, ƙasa da ƙugu. Gadon nan roba ce a kan ƙarfe, ba a yi shi don a kwana biyar a kai ba. Ina juya ta iyakar ƙarfina, amma a gaban maza da samari masu kawo 'yan haɗari, da zane ɗaya na kare ta. Tana rufe ido duk lokacin. Matar da ko maƙwabci bai san kalar gashinta ba.

Kunu ba ya wucewa sosai. Yau ta sarƙe har fuskarta ta yi baƙi. Ma'aikacin da ke bakin aiki ya ce a ɗakin mata ne ake sa robar abinci ta hanci, nan ba su da ita, kuma in kunu ya ci gaba da bin hanyar iska zai taɓa huhu. Ya faɗa yana cike wani kati.

Da la'asar, huɗu da minti biyar, ta kama hannun rigata da hannunta mai lafiya. Tun Litinin ba ta haɗa kalma ba sai gurnani. Na sunkuya. Ta yi ta fama da harshe, yawu na zuba, sannan ta ce, "Balaraba."

Sarai na ji. Shekara talatin da huɗu ba ta faɗa ba.

Na fita na tsaya gindin darbejiya. Ban san minti nawa ba.

Lahadi, 10 ga Satumba

Na rubuta. Layi huɗu: mahaifiyarki na asibiti, ana bukatar mace mai zaman jinya, ana karɓa daga sha ɗaya zuwa ɗaya, Litinin. Na sa hannu da cikakken suna kamar takardar ofis. A bayan ambulan na rubuta sunanta kaɗai da unguwarsu.

Direban da na ba a tashar mota ya juya ambulan ya ce ai wagga matar Atiku ce, in sa sunan maigidan mana. Na ce ya kai yadda aka ba shi.

Da na dawo na iske an ja gadonta an matsa da shi jikin bango don a shigo da wasu da mota ta kife da su a hanyar Zurmi. Fuskarta na kallon bango, ba ta iya juyowa. Minti hamsin na yi a waje.

Litinin, 11 ga Satumba

An sallami mutum biyu. Daga sha ɗaya na tsaya a bakin ƙofar asibiti da agogo a hannu. Kowace mai lulluɓi ta doso sai gabana ya faɗi. Shekara tara, ban ma san ko zan gane ta ba.

Ƙarfe ɗaya. Ba ta zo ba. Gadaje biyu sun tafi.

Jinina ce, taurin kan nawa ne. Me na zata?

Sista Mubaraka ta leƙo kafin ta tashi. Ta ɗaga zane ta ga bayan Saliha. Ta ce gobe akwai wadda za a sallama, za ta riƙe mana gadon har ƙarfe ɗaya, ba za ta iya wuce haka ba. Ban gode mata ba. Ya kamata in gode.

Saliha na da zazzaɓi. Ƙirjinta na ƙara kamar ana jan zare a ƙwarya.

Talata, 12 ga Satumba

Ruwa tun safe.

Sha ɗaya da kwata gado ya samu. Yari ya kawo gadon turawa ya ajiye kusa da mu, ya zauna yana cin goro, yana ba ni labarin da ba na ji. Sha biyu. Sha biyu da rabi. Ɗaya saura kwata aka shigo da wata da ruwan zafi ya ƙone, uwarta na biye. Ƙarfe ɗaya Sista ta zo ta tsaya. Ta ƙara minti goma daga aljihunta, ina gani. Ɗaya da minti goma Yari ya tura mai ƙunar. Bai dube ni ba.

Ɗaya da ashirin da biyar wata mata ta shigo jiƙe sharkaf, takalmi a hannu, laka har gwiwa, ƙullin kaya a ka. Ta yi ƙiba. Tafiyar uwarta ce.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni." Na ce ta makara da minti goma sha biyar. Abin da na ce ke nan. Bayan shekara tara, abin da bakina ya samu ke nan.

Ta tashi ta nufi uwarta. Saliha ta buɗe ido ta gan ta, sai ta kau da kai gefe, kunyar ta dawo, amma hannun mai lafiya ya kama zanenta ya ƙi saki.

Daga baya, tana wanke ƙafa, ta faɗi yadda aka yi, ba ni take kallo ba. Takarda ta same ta Lahadi da yamma. Mijinta na hanyar Jibiya da lodin hatsi, ba ta fita garin wani ba da izninsa ba, ba kuma wanda ya san inda zai kwana. Jiya ta yini tana jira. Yau uwar mijin ta ce ta tafi, ita ta ɗauki nauyin. Ta isa tasha tun bakwai, amma motar mata sai ta cika take tashi, ranar da ba kasuwa ba kuma mata nawa ke tafiya? Sai goma da rabi. A Moriki ruwa ya tsare su. Da ta sauka Kaura ɗaya saura ashirin, 'yan kabu-kabu ba mai ɗaukar mace yanzu, kowa na tsoron bulala. Ta tako da ƙafa.

Na so in zagi wani. Na rasa wa.

Laraba, 13 ga Satumba

Ba gado.

Ta karɓi komai daga hannuna ba tare da ta nema ba. Ta naɗe zannuwa ta tokare bayan uwarta, tana juya ta duk awa biyu. Ta tambaye ni lokaci sau shida yau, shi ne duk maganar da ke tsakaninmu. Ta ɗaga kan gadon da bulo biyu, ta kaurara kunun, tana ba ta da gefen cokali ta ɓangaren da ke da rai. Ma'aikacin nan ya tsaya kallo ya tambaye ta inda ta koya. Ta ce, "Babana ya sa ni makaranta."

Na yi kamar ina rubutu.

Da azahar babbar mota ta tsaya a bakin titi. Shi ne, mijinta. Ya tuɓe takalmi tun daga baranda, ya tsuguna nesa da ni, kansa a ƙasa. Furfura ta fara masa. Ya yi gaisuwa, ya yi jaje, na amsa a taƙaice. Sannan ya ce, a hankali, ba da neman magana ba, "Baba, da sunana aka sa a takardar, direbobi na miƙa ta hannu da hannu, da daren Lahadi ta iske ni. Da Litinin da hantsi na aje ta nan da kaina."

Litinin gadaje biyu ne suka tafi.

Na duba littafin nan daga farko, duk lokutan da na rubuta don in kama wani da laifi. Laraba zuwa Lahadi, kwana huɗu, ba sunan likita a ciki, ba sunan Sista. Lahadi zuwa Talata, kalma ɗaya a bayan ambulan.

Takardar koken tana aljihuna har yanzu, ta jiƙe jiya. Na ba Yari ya ƙunshe goro.

Alhamis, 14 ga Satumba

Sha ɗaya da minti arba'in.

Yari ya shigo yana cewa, "Akawu, jirgi ya iso, a busa usur." Shi da Balaraba suka ɗaga Saliha. Ba nauyi, kamar dami ɗaya na kara. Na ɗauki buta da tabarma na bi su ta dogon barandan nan. Kwana goma ina faɗa a kan tafiyar da ba ta kai minti uku ba.

A ƙofar ɗakin mata akwai labule kore da benci. Yari ya tsaya. Sai a nan na lura hannunta na riƙe da rigata tun daga imajensi. Sista ta ce, "Baba, nan ne iyakarka." Na ce na sani. Saliha ba ta saki ba. Balaraba ce ta sunkuya ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Inna, yana nan waje, ba ya tahiya."

Labule ya rufe.

Akwai abin da ban rubuta ba ranar Larabar farko. Da Sista ta ce namiji ba ya zama, kafin fushi ya zo, wani abu ne ya fara zuwa. Tsoro. A imajensi, duk wari da hayaniya, ina gefenta. Tun da na yi ritaya ba mai saurarena a duniya sai ita. Ko kwana huɗun nan ba duka taurin kai ba ne. Allah ya sani. Ban sani ba ko hakan ya fi sauƙi ko ya fi muni.

Juma'a, 15 ga Satumba

An sa robar hanci, an fara allurar ƙirji. Likitan ɗaki ya ce huhu ya taɓu, da an zo da wuri da ya fi. Ya ce a yi addu'a. Gyambon baya zai ɗauki watanni.

Awa biyu a rana. Na shiga huɗu, aka fitar da ni shida. Gida ba kowa, rariyar na nan inda ta faɗi. Na dawo gindin darbejiya.

Lahadi, 17 ga Satumba

Zazzaɓi ya sauka jiya. Yau ta bi ni da ido daga ƙofa har bakin gado. Balaraba ta ce da safe ta kira ta "ke, yarinyar nan". Ta faɗa tana dariya tana share ido, wai Inna ta fara warkewa tunda ta daina faɗin sunanta.

Mutumin nan bai koma hanya ba. Ya bar lodin kasuwar Shinkafi ya wuce shi, ya ajiye mota a tasha, kullum yana nan a ɗaya ƙarshen bencin. Ba ya yawan magana, wannan na ba shi. Yana kawo tuwo daga gidan wani abokinsa. Jiya na ƙi. Yau na ci, don kada a zubar. Ya ce suna da 'ya'ya uku, babban sunana aka sa masa, suna kiransa Akawu. Aji uku yake, wai ba ya yarda a makara makaranta. Ban tambaya ba, shi ya faɗa. Na dai tambayi ko yaron ya iya haɗa baƙi.

Na ciro agogo in ga ko lokacin shiga ya yi, na iske ya tsaya a tara da wani abu. Ban murɗa kansa ba, ban san tun yaushe ba. Tun shekarar da aka ba ni shi bai taɓa tsayawa ba.

Atiku ya duba na hannunsa, irin na roba ɗin nan na kasuwa, ya ce, "Baba, huɗu ta yi."

Na tashi.